Bashin Wanda Ya Manta

Akwai wani irin labari da ya yi kasuwa a wayoyin matasanmu a 'yan shekarun nan. Yaro ne zai farka a garin da ya yi kama da nasu sak, ga kasuwa, ga masallacin Juma'a, ga itacen da dattawa ke zama a gindinsa, amma komai ya ɗan karkace. Wanda aka binne bara a can, a nan yana zaune yana shan fura. Almajirin can shi ne mai gari a nan. Mai karatu ne kaɗai ya san haka, domin shi yaron ba ya tuna sunansa, ba ya tuna fuskar uwarsa, ba ya kuma tuna abin da ya aikata kafin ya iso. Ana bin irin waɗannan labarai babi-babi a Wattpad da zaurukan WhatsApp, ana sauraronsu a YouTube, ana kallon 'yan uwansu a finafinan Indiya da aka fassara.

Manya kan yi tsaki su ce shirme ne. Sai dai in za mu yi adalci, tafiya wata duniya tsohuwar hanya ce a adabinmu. Gasar rubutun da aka shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu biyu kuwa sai da suka haɗa jarumansu da aljannu a ƙasashen da ba sa cikin taswira. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Kafin duk waɗannan, mu da muka tashi a bakin gulbin Rima mun sha jin labarin 'yan ruwa, masu gari a ƙarƙashin gurbi, waɗanda ke ɗauke mutum su riƙe shi kwana da kwanaki. Bambancin dai shi ne, Alhaji Imam da Ganɗoki sun tafi da hankalinsu sun dawo da shi, har suka zauna suna ba jama'a labari. Jarumin yau kuwa tun a shafin farko ake kwashe masa jiyansa.

Wannan ƙarin ne ya sa labarin ya wuce abin kashe lokaci. Yana ɗauke da tambayar da kowannenmu zai ci karo da ita, ko a gida ko a gari: idan mutum ya manta abin da ya yi, har yanzu ana binsa bashin abin?

Don kada mu yi ta magana a iska, bari mu ƙaga namu labarin mu dasa shi a Argungu. Wasu samari biyu 'ya'yan masunta, abokai tun na yarinta, suka saci jiki da dare a tsakiyar damina suka kwance kwalekwalen da ba nasu ba. Ruwa ya cika ya batse. Suna kaiwa tsakiya jirgin ya kife, gora kuwa ɗaya ce tak. Abokin ne ya fara kama ta. Namu yaron, cikin firgita, ya fizge ta daga hannunsa. Abokin ya nutse, shi kuma igiyar ruwa ta ja shi cikin gurbi. Da ya buɗe ido sai ga shi kwance a bakin Matan Fada, a wata Argungu da ba wanda ya san shi, shi ma bai san kansa ba. Mutanen can suka ɗauke shi, suka ba shi abinci da wurin kwana, suka laƙaba masa suna Baƙo.

Baƙo ya zama yaron kirki a can. Yana taya tsofaffi gyaran homa, yana raba kifinsa da marayu, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Abu ɗaya ke damunsa. Duk magariba in ya je bakin ruwa yakan ji muryar wata mata can nesa tana kiran wani suna, sai jikinsa ya yi sanyi bai san dalili ba. Wata rana Sarkin Ruwan garin ya kira shi ya ce, "Yaro, muryar nan da kake ji daga inda ka fito take. Ina iya mayar da kai, amma kana tsallakawa za a dawo maka da duk abin da ka manta, mai daɗi da marar daɗi. In kuwa ka zauna, ba mai tambayarka komai har ka koma ga Allah." Mu masu karatu mun san muryar ta uwar abokinsa ce. Shi bai sani ba. To, me ya kamata ya yi?

Wani masanin falsafa na Ingila, John Locke, ya taɓo irin wannan a bugu na biyu na littafinsa kan fahimtar ɗan Adam, a 1694. A ganinsa, abin da ke sa mutumin yau ya zama shi ne na jiya shi ne sanin da yake da shi na abin da ya yi da abin da ya ji. Inda wannan sani ya tsaya, nan mutumin ya tsaya. Har misali ya kawo na ɗan sarki da baduku. In aka kwashe tunanin ɗan sarki aka zuba a jikin baduku, to ɗan sarki ne ke zaune yana ɗinkin takalmi, kuma abin da ɗan sarki ya aikata za a tambaye shi. In muka bi wannan hanya, Baƙo ba shi ya fizge gora ba. Wanda ya fizge ya tafi tare da abokinsa a daren nan, wannan wani ne dabam da ya gaji jikinsa.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Duk mai tausayi zai ji nauyin a kama yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba a ce za a hukunta shi. Zai yi ta kallon masu dukansa yana tambayar me ya yi, ba kuwa abin da dukan zai koya masa. Amma Bahaushe ya hango wani gefe da wannan lissafi ya tsallake, ya ce in maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Abin da aka aikata ba a kan mai aikatawa kaɗai yake kwana ba. Yana nan a shimfiɗar da aka naɗe aka jingine, da malmalar tuwon da aka rage a gidan, da macen da ke fita bakin gulbi kowace magariba. Mantuwar Baƙo ba ta taɓa ko ɗaya a cikinsu ba.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da raba abin gida biyu. Wanda ya yi rafkanuwa a salla ba a rubuta masa zunubi, amma yana tunawa zai yi ƙabli ko ba'adi. Wanda ya ɓarnata dukiyar wani bisa kuskure ba a kiransa azzalumi, amma sai ya biya. Ko kisan kuskure akwai diyya a kansa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take, ta kuma yi umarni a rubuta a kafa shaidu, saboda an san ɗan Adam da mantuwa. Wato akwai laifi, akwai kuma haƙƙi. Laifi yana bin niyya da sani, don haka mantuwa na iya sassauta yadda za mu ɗauki mutum. Haƙƙi kuwa na wanda aka cuta ne, a hannunsa yake, ba mai sauke shi sai shi. Uwar nan tana da haƙƙin ta san inda ɗanta ya kwana da yadda aka yi. Tana da haƙƙin a durƙusa gabanta a nemi gafara, in ta ga dama ta yafe, in ta ga dama ta ƙi. Muddin Baƙo na can yana raba kifi da marayu, alherinsa na zuwa inda ba a binsa komai, inda ake binsa kuwa ko ƙaya ba ta isa ba.

Wani zai ce ai wani lokaci mantuwa rahama ce, a bar kaza cikin gashinta. In Baƙo ya koma, me za a ƙaru da shi? Mamaci ba zai tashi ba, gida biyu da ke gaisawa za su shiga gaba, yaron kirki zai koma mai yawo da dutse a ƙirji. Wannan hujja ce mai ƙarfi, manyan marubuta sun tsaya a kanta. Kazuo Ishiguro, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2017, ya fitar da wani littafi a 2015 inda wani hazo ya lulluɓe tsohuwar Birtaniya ya mantar da mutane kisan da aka yi tsakanin ƙabilu biyu. Suna zaune lafiya ne saboda ba mai tuna wa ya kashe wa, kuma wanda zai yaye hazon ya san yaƙi ne zai biyo baya. Tun a 1882 wani Bafaranshe, Ernest Renan, ya faɗa a wata lacca a Paris cewa jama'a ba ta dunƙulewa ta zama ƙasa ɗaya sai 'ya'yanta sun manta wasu abubuwa da suka yi wa juna.

Mu kam ba sai mun je Birtaniya neman misali ba. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kimanin kilomita 50 ce, fadama ɗaya, gulbi ɗaya, shinkafar ma iri ɗaya ake ci. Amma in aka ɗauko zancen ƙarni na 19 sai ka ce duniya biyu ce ke zaune maƙwabtaka. Daular Kabi da Muhammadu Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai, ta fara zama a Surame, daga baya ta koma Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci birnin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. A wurin mutumin Gwandu wannan shekarar buɗi ce, kuma Malam Abdullahi, wanda fadar Sarkin Gwandu da ke Birnin Kebbi ke ɗauke da sunansa a yau, malami ne da har gobe ake karanta littattafansa a zaure. A wurin Bakabe kuwa, shekarar da aka raba kakanninsa da birninsu ce, har suka koma Argungu suka sake kafa gadon sarauta, shi ya sa har yau Sarkin Kabi ake ce wa sarkin can. Kowannensu gaskiya yake faɗa daga inda kakansa ya tsaya.

A cikin wannan tarihi akwai mutumin da rayuwarsa ta yi kama da ta jaruman littattafan nan. Bayan an kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, an bar ɗansa Yakubu Nabame da rai aka tafi da shi Sakkwato. Shekara da shekaru yana can, a wata fada, cikin wasu mutane, yana zaune da waɗanda suka yi nasara a yaƙin da ya ci ubansa. Masu tarihi sun ce ya samu yarda a can, har Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya bar shi ya koma ƙasarsu. A 1849 ya yi tawaye, Kabi ta sake tsayawa da ƙafarta. Daga nan aka shiga yaƙe-yaƙen da suka cinye sauran ƙarnin. An yi sulhu a 1867, wanda ake kira Lafiyar Toga, amma bai kai shekara goma ba aka koma fagen fama. Zuwan Turawa a farkon ƙarni na 20 ne ya sa aka mayar da takubba kube.

Nan fa tambayar ta yi nauyi. Da Nabame ya manta ko shi ɗan wane ne, ya zauna a Sakkwato ya tsufa cikin rawani, rai nawa zai tsira a ƙauyukan fadama? Ba mu da bakin cewa kaɗan ne. Amma kuma da ya manta, wataƙila da babu Argungun da muka sani. Tuna baya yana da tsada, kuma talakan da aka ƙone wa rumbu shi ya fi kowa biya, ko a wane ɓangare yake.

Abin lura shi ne yadda gabar ta ƙare. Turawa sun hana yaƙi, sai dai hana yaƙi dabam, sanyin zuciya dabam. A 1934 ne Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka zuwa Argungu ziyarar zumunci, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, aka shirya gagarumin su don karrama shi. Daga nan bikin kamun kifi ya samo sifar da duniya ta san shi da ita, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam a 2016. A wannan shekara ta 1934 akwai tsofaffi da rai a ɓangarorin biyu waɗanda suka ga yaƙin da idonsu, ba mamaki wasu da tabon kibiya a jiki. Ba wanda hazo ya rufe wa ido a ranar. Baƙon ya san garin da ya shigo. Masu masauki sun san jikan Sarkin Musulmi Bello suke yi wa shimfiɗa, wanda a zamaninsa aka kashe Karari. Sanin nan ne ya ba ziyarar darajarta. Da sun manta, da zuwan sarki kallon su ne kawai, a ci kifi a watse.

Kabawa kuma ba su binne tarihinsu don a zauna lafiya ba. Tsohuwar fadar Argungu, wadda sarakuna suka zauna a cikinta har 1942, ita aka mayar Gidan Tarihi na Kanta a 1958. Masu da takubba da kwari da baka da tambura duk suna nan a jere, ga kaburburan sarakuna a ciki. Makaman suna inda kowa zai gan su, sai dai ba a hannun kowa suke ba. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta 1991, masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru suka shiga inuwa ɗaya, hedikwata kuwa birnin nan ne da aka zubar da jini a kansa. Yau ɗan Argungu na shiga mota da safe ya je aiki Birnin Kebbi ya dawo da yamma, auratayya kuma ta cakuɗa gidaje har ba mai iya tsefe su.

Abin da muka fahimta daga nan shi ne, mai tunawa ne ke iya yafewa. Wanda ya manta abin suɓuce masa ya yi, ranar da wani ya tuna masa kuwa zai ji zafin sabo fil kamar yau aka yi. Wanda ya tuna ya ajiye da gangan shi ne ba a iya zugawa da tsohon labari, don ya riga ya san labarin, ya kuma san inda aka kai ƙarshensa. Ko wasan barkwancin da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, wanda da yawa ke danganta asalinsa da tsofaffin yaƙe-yaƙe, irin wannan hikima ce. Kullum ana tsokanar juna da abin da ya wuce, amma cikin dariya, har dafinsa ya fita.

Duk mai karanta labaran nan na matasa ya san wanda ya fi kowa haɗari a cikinsu. Shi ne mutumin da ke fara isowa bakin gadon wanda ya manta, ya dafa shi ya ce, "Kwantar da hankalinka, ni zan gaya maka ko kai wane ne." Yakan ba shi rabin gaskiya ya ɓoye rabi, ya nuna masa abokin gaba, sannan ya miƙa masa wuƙa. Mu kuwa mun yi shekaru muna tara wa irin wannan mutum majinyata da hannunmu. Wajen 2009 aka cire tarihi daga darussa masu zaman kansu a firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Hirar dare da kaka ta ja baya, waya ta maye gurbinta. Surame mai ganuwar dutse tana can cikin daji a yankin Binji ta Jihar Sakkwato, amma a aji guda na sakandare ɗalibi nawa ne suka taɓa jin sunanta, balle su taka? Yaron da ya tashi a haka shi ma Baƙo ne. Sai wata rana saƙon murya na minti uku ya faɗo wayarsa, wani da bai taɓa gani ba yana ba shi labarin 1805 ko na 1831, an tsame shi daga abin da ya gabace shi da abin da ya biyo baya, babu ko ƙyallin 1934 a ciki. Masu raba Hausa da Fulani a shafukan sada zumunta, ta kowane ɓangare suka ɓullo, da wannan jari suke kasuwa. Hazon da muka zaci yana tsare mana zaman lafiya shi ya ba su duhun da suke aiki a ciki.

Maganin kuwa shi ne a ba yaro labarin duka, tun yana ƙarami, daga bakin wanda ke ƙaunarsa. A kai shi Gidan Kanta ya ga masu da idonsa, a kai shi Gwandu ya ga hubbaren Malam Abdullahi, sannan a tsaya da shi a Matan Fada a gaya masa abin da ya fara tara mutane a wurin. Kakanninmu da ke yi wa jarirai tsagar gado a kumatu, cikin dalilansu har da cewa in yaƙi ya ɗauke yaro ya manta gida, dangi za su gane nasu a fuska. Aska ta kau, ba kuma cewa muke a dawo da ita ba, amma aikin da take yi yana nan yana jiran mai yi.

Tambayar tana da wata fuska, wadda ke samunmu har cikin ɗaki. Tun ɗazu muna maganar bashin da ake bin wanda ya manta. Shi fa, me yake binmu? Da wuya a sami zuri'ar da ba ta da tsoho ko tsohuwar da gigin tsufa ya kama. Ta kira jikarta da sunan ƙanwarta da ta rasu shekara 40 da suka wuce. Ta ɗaure kaya da la'asar ta ce za ta gida, alhali a ɗakinta take. Ta tambaya ko an kai wa malam abinci, malam kuwa an binne shi tuntuni. Ita ma a wata duniya take zaune, dab da tamu, labule ne kawai tsakani. Likitoci sun san ciwon ƙwaƙwalwa ne, tun a 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana nau'insa da ya fi yawa. Amma har yau a wasu unguwanni, in irin wannan tsohuwa ta fita ta ɓata tana sambatu, sai yara su bi ta da ihu, manya su fara raɗe-raɗin mayya ce. Wasu 'ya'yan kuma sukan janye jiki, su ce ai ba ta gane kowa, zuwa da rashin zuwa duk ɗaya.

Hujjar Locke ce ta sake riga: tunda ba ta tuna, ba ita ba ce. Amsar ma ita ce ta ɗazu. Goyon da ta yi da dararen da ta kwana zaune ba su goge don sun fita daga kanta ba. Suna jikinmu, mu ne shaidun da aka kafa. In uwa ta manta, ɗa bai manta ba. Abin da take binmu shi ne mu riƙe mata tarihinta amana. Mu kira ta da sunan girmanta, mu ba jikoki labarin wace ce ita lokacin da take da ƙarfinta, mu amsa tambayar da ta maimaita sau goma ba tare da tsawa ba. Kada kuma wani ya fake da mantuwarta ya sa ta dangwala hannu a takardar gona.

To, mu koma wurin Baƙo a bakin ruwa. In da mu ke rubuta babin ƙarshe, za mu sa shi ya tsallaka. Ba mu da tabbacin za a yafe masa, mai yiwuwa uwar ta juya masa baya, kuma tana da iko. Dalilinmu shi ne muryar da yake ji. Bai san abin da ya yi ba, amma ya san akwai mai kira, ya kuma ji daga bakin Sarkin Ruwa cewa akwai abin da ya baro. Daga wannan lokaci zamansa a can ya tashi daga ƙaddara ya koma zaɓi. Mantuwar farko ruwa ne ya yi masa. Ta biyu shi zai yi wa kansa, ita ce kuma za a tambaye shi. Yawancinmu a nan muke tsaye. Ba a kama mu da abin da ba a gaya mana ba, amma mun san akwai tsohon da za mu iya tambaya kafin ƙasa ta rufe masa ido, mun kuma san akwai lambar da muka daina kira don kada a tuna mana wani abu.

Za mu so babin ya ƙare da yaro jiƙe sharkaf yana hawowa gaɓar Matan Fada da magariba, sunansa ya dawo masa, abin da ya aikata ma ya dawo, ga mace tsaye riƙe da fitila. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ni ne. Ina da magana." Abin da za ta ce masa nata ne. Marubuci ba shi da hurumin yafewa a madadinta, mai karatu ma haka.